Lauya a majalisar dokokin jiha: tambayoyin mutanen Tahoua da amsoshinsu

Wanda ke zaune Tahoua, Konni ko Madawa yana jin siyasar Sakkwato kamar ta gida. Dangi suna can, ciniki yana can, rediyo kuma ba ya tsayawa a kan iyaka. Cikin sunayen da ake yawan ji akwai masu "Barista" a gaba, wato lauyoyin da suka rataye rigar kotu suka shiga majalisar dokokin jiha. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ɗalibai masu karatun shari'a da masu bin siyasar maƙwabta suka fi yi. Sassan dokar da aka ambata na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ne tare da gyare-gyarensa, ƙa'idojin zaɓe kuma na dokar 2022 ne, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita.

Mece ce majalisar dokokin jiha? Jihar Tahoua tana da irinta?

Najeriya tarayya ce mai jihohi 36, kowace da gwamnan da jama'a suka zaɓa, da kotunanta, da majalisar da ke yi mata doka. Sashe na 91 ya ce kujerun majalisar jiha kada su gaza 24, kada su haura 40. Kano tana da 40, Katsina 34, Sakkwato da Jigawa 30 kowace, Kebbi da Zamfara 24 kowace. Wa'adi shekara 4 ne, kowace mazaɓa mutum ɗaya take turawa, wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci ko da tazarar ɗaya ce.

Nijar ƙasa ce dunƙulalliya. Doka daga Yamai take fitowa, gwamnan Tahoua kuma naɗa shi ake yi. A jamhuriya ta bakwai majalisar dokoki ɗaya ce tak, mai kujera 171 da wa'adin shekara 5, ana zaɓen yawancin ƴan majalisar ta jerin sunayen jam'iyya, kowane da mataimakin da zai maye gurbinsa. Majalisar mashawartan jiha da aka fara zaɓa a 2011, aka sake a Disamban 2020, tana tsara ayyukan raya jiha da kasafinta, amma ba ta da ikon ƙirƙiro laifi ko kafa kotu. Ita ma an rushe ta a Afrilun 2024, bayan majalisar ƙasa ta riga ta tafi da juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.

Kafin a kira mutum Barista a can, wace hanya yake bi?

Shekara 5 a jami'a, kamar ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko ta Ahmadu Bello a Zariya, sannan shekara ɗaya a makarantar horon lauyoyi ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Bwari kusa da Abuja, tana kuma da reshe a Bagauda ta jihar Kano. In ya ci jarrabawa a rantsar da shi, a rubuta sunansa a rajistar kotun ƙoli. A wajenmu lauya kan bi ƙa'idar UEMOA ta 2014: digirin shari'a, takardar shaidar cancantar aikin lauya (CAPA), sannan horon shekara 3 a ofishin wani lauya. Tushen dokokin ma ba ɗaya ba ne, namu na Faransa, nasu na Ingila, shi ya sa lauyan da ke rajista a Yamai ba zai sa riga ya tsaya gaban alƙali a Sakkwato kai tsaye ba.

Sai lauya ne ke iya tsayawa?

Ko kusa. Sashe na 106 abu huɗu ya nema: mutum ya zama ɗan ƙasa, ya kai shekara 25 (da 30 ne, aka rage a 2018), ya yi karatu aƙalla zuwa matakin kammala sakandare ko makamancinsa, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Babu ɗan takara mai zaman kansa. Ɗan kasuwar da ya gama sakandare da lauya mai digiri uku matsayinsu ɗaya a gaban hukumar zaɓe ta INEC.

Abin da ke hana mutum yana sashe na 107: shiga ƙungiyar asiri, karayar arziki da kotu ta tabbatar, hukunci kan rashin gaskiya cikin shekara 10 da suka gabata, da miƙa wa hukumar zaɓe takardar bogi. Na ƙarshen nan shi ya fi cin mutane, kuma sau da yawa ba ƙirƙirar takarda aka yi ba, suna ne ya saɓa. A Fabrairun 2020 kotun ƙoli ta soke nasarar David Lyon a zaɓen gwamnan Bayelsa ana gobe rantsuwa, saboda sunayen da ke takardun mataimakinsa ba su yi daidai da juna ba. Wanda takardar haihuwarsa ta ce Mahamadou, ta makaranta ta ce Muhammad, ta zaɓe ta ce Mamman, ya gyara su ta hanyar doka tun ana saura shekaru, kada ya bari sai abokin hamayya ya gano.

An haife ni a Tahoua, mahaifiyata ƴar Gwadabawa ce. In na karanta shari'a zan iya neman kujera a Sakkwato?

A kan takarda, ƙofa a buɗe take. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya, in uwarsa ko ubansa ɗan ƙasar ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Sashe na 107 ya hana wanda ya karɓi zama ɗan wata ƙasa da son ransa, amma an ɗaure hanin da sashe na 28, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta fassara shi da cewa bai shafi ɗan ƙasa ta haihuwa ba.

A aikace kuwa za ka buƙaci hujjar cewa mahaifiyar ƴar ƙasa ce, da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, da rajistar zaɓe, da katin jam'iyya a gundumarku. Ka kuma sa a ranka cewa kalmar "baƙo" za ta fito a filin kamfe ko da kotu ba za ta saurare ta ba. Akwai wani abu da mazauna bakin iyaka ke mantawa: dokar ɗa'ar ma'aikata ta hana ɗan majalisar jiha riƙe asusun banki a wajen Najeriya. Asusun da ke Konni na ƙasar waje ne, ko da ana hango Illela daga ƙofar bankin (Illela ta Sakkwato ake nufi, ba tamu ta Ader ba).

Lauyan da ke aikin gwamnati fa?

Dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Wannan ya haɗa da lauyan ma'aikatar shari'a, da majistare, da malamin jami'ar gwamnati. Hutu ba tare da albashi ba bai wadatar ba. Ya riƙe kwafin takardar ajiye aiki mai hatimin ranar da aka karɓa, ya kuma tabbatar albashi ya daina shiga asusunsa, don takardar biyan albashi ce abokan hamayya ke fara nema. Mai muƙamin siyasa, kamar kwamishina ko mai ba gwamna shawara, dokar 2022 ta hana shi yin zaɓe ko tsayawa a taron fid da gwani yana kan muƙamin. Lauya mai ofishin kansa babu abin da zai ajiye har sai ya ci.

Ina ne takara ta fi wuya, ranar zaɓe ko kafin nan?

Kafin nan, kuma nan gizo ke saƙar. A mazaɓar da jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida, wanda ya sami tikiti ya gama rabin aiki. Fom kaɗai a 2022 naira miliyan 2 ne a APC, dubu 600 a PDP, kuma wannan shi ne ƙaramin kashi. Dokar 2022 ta ƙayyade abin da ɗan takarar majalisar jiha zai kashe a naira miliyan 30.

Dokar 2022 ta yarda da hanya uku: ƴar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya ke zaɓe, ko ta daliget, ko ta masalaha. Masalaha ba ta inganta sai duk waɗanda aka tantance sun janye a rubuce sun amince da mutum ɗaya. A dokar ta 2022, jam'iyya za ta sanar da INEC kwana 21 kafin taron, uwar jam'iyya ta ƙasa ce ke da ikon gudanar da shi, ba reshen jiha ba, kuma sunaye su isa hukumar kwana 180 kafin zaɓe.

Abin da ya faru a Zamfara a 2019 ya isa darasi. Rikicin cikin gida ya hana APC yin zaɓen fid da gwani ingantacce, duk da haka ta shiga zaɓe ta lashe komai. A ranar 24 ga Mayu kotun ƙoli ta ce ƙuri'unta duk asara ne. Gwamna, sanatoci, ƴan majalisar wakilai, da kujeru 24 na majalisar jiha, duk suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu, ana saura kwana 5 rantsar da gwamna. Lauya mai hankali tun ranar taron yake tara shaidarsa: jerin daliget da aka yi amfani da shi, takardar sakamako mai sa hannu, rahoton jami'an INEC da suka sa ido. In an zalunce shi, kwana 14 gare shi daga ranar da abin ya faru ya shigar da ƙara a babbar kotun tarayya, kuma sai wanda ya shiga takarar da kansa ke da bakin magana. Da yawa suna ɓata kwanakin nan suna jiran kwamitin sulhu na jam'iyya, kafin su farga lokaci ya wuce.

Ilimin shari'a yana kawo ƙuri'a?

Da kansa, a'a. Mai zaɓe a ƙauye yana auna ɗan takara da abin da ya gani: ya zo jana'iza, ya tsaya a kan rikicin gona, ya fito da yaron da aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Lauyan da ya yi shekaru yana karɓar irin waɗannan shari'o'i kyauta ko da ɗan abin da ya samu yana shiga fili da jari. Wanda ya yi zamansa a Abuja yana kare kamfanoni, ya dawo ana saura wata shida da fosta, sai ya nemi uban gida, kuma bashin uban gida a zauren majalisa ake biyansa. Sana'ar ma tana da nata tabo, don kowace shari'a da ya ci akwai gidan da ya faɗi, su ma suna da katin zaɓe.

In an ce ya faɗi alhali yana ganin shi ya ci, me zai yi?

Kwana 21 daga ranar da aka bayyana sakamako, ba a ƙara ko yini. Cikinsu zai shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, tare da jerin shaidu, da bayanin kowane shaida a rubuce bisa rantsuwa, da jerin takardun da zai dogara da su. Kotun tana da kwana 180 daga ranar shigarwa ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. A dokar 2022 dalilan ƙara ƙayyadaddu ne: wanda aka ce ya ci bai cancanta ba, ko an yi maguɗi ko saɓa doka, ko bai sami rinjayen halastattun ƙuri'u ba.

Yawancin ƙararraki ba rashin gaskiya ke kashe su ba, rashin hujja ne. Kotu tana so a bi rumfa-rumfa. In ka ce an yi aringizo a rumfa 40, sai ka kawo takardar sakamako ta EC8A ta kowace rumfa, da rajistar masu zaɓe, da bayanan na'urar BVAS da ke nuna mutum nawa aka tantance. Shaidar ejan da ya tsaya a rumfar ita ke da nauyi. Shugaban kamfe da ya ji labari ta waya, maganarsa ji-ta-ji-ta ce a idon alƙali. Bayan haka sai ka nuna cewa abin da aka ɓata ya kai ya sauya sakamakon, don in tazara 3,000 ce kai kuma ka tabbatar da ɓarnar 800, ka yi aikin banza. Saboda haka shari'ar zaɓe tun ranar zaɓe ake shirya ta: ejan mai iya karatu a kowace rumfa, wanda ba zai tashi ba sai da kwafinsa a hannu.

Abu na ƙarshe mai ɗaci: shari'ar kujerar majalisar jiha a kotun ɗaukaka ƙara take tuƙewa. A 2023 wannan kotu ta cire ƴan majalisar Filato 16 na PDP kan batun shugabancin jam'iyyarsu. A Janairun 2024 kotun ƙoli, a shari'ar gwamnan jihar, ta ƙi amincewa da wannan dalili ta bar gwamna a kujerarsa. Su ƴan majalisar ba su da hanyar isa can.

Ya ci. Zai ci gaba da zuwa kotu yana kare mutane?

Bai kamata ba. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulki ya sa ƴan majalisa cikin masu riƙe da muƙamin gwamnati, kuma ya hana mai aikin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Yadda aka saba shi ne ya miƙa ofis da fayiloli ga abokan aikinsa, ya sanar da masu shari'a a hannunsa tun da wuri. Kafin ya zauna a kujera sai ya bayyana kadarorinsa ga hukumar ɗa'ar ma'aikata, ya yi rantsuwa. Kotun ɗa'a tana iya raba shi da kujerar, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta kuma ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar saɓa ƙa'ida.

To a cikin zauren, ina amfanin lauya yake fitowa?

A wuraren da kyamara ba ta zuwa. Ƙudiri yana shigowa daga gwamna ko daga ɗan majalisa. Karatu na farko suna kawai akawu ke karantawa. A na biyu ake muhawara kan manufa. Daga nan a tura wa kwamiti, wanda kan kira jin ra'ayin jama'a, ya dawo da rahoto, majalisa ta bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, a aika wa gwamna. Kwana 30 gare shi ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na iya sake zartar da shi ya zama doka ba da shi ba, abin da da wuya a gani.

Jawabin karatu na biyu kowa na iya yi. Aikin lauya yana matakin kwamiti, inda ake tambayoyi marasa daɗin ji. Wannan kalma an fassara ta a sashen ma'anoni? An ce "zai yi" ko "yana iya yi", don na farko tilas ne, na biyu zaɓi? An hana abu, amma ina hukuncin wanda ya karya? Wace kotu ce za ta saurari laifin? An kafa hukuma, daga ina kuɗinta zai fito? Tsohuwar dokar da wannan ta maye, an soke ta a fili ko an bar biyun suna karo? Yaushe za ta fara aiki? Jihohi suna yawan kwafo dokar wata jiha ko ta tarayya, wani lokaci har da ofisoshin da babu su a jihar da ta kwafo, kuma mai ido irin na lauya ne ke tsinto wannan kafin a ji kunya a kotu. Shi ya sa akan ba lauyoyi kwamitin shari'a ko na dokokin zama.

Ga lambobin da zai riƙe a ka: majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, zama ba ya inganta sai da kashi ɗaya cikin uku (mutum 10 a Sakkwato), kakaki kuma ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Harshen aiki Ingilishi ne, amma sashe na 97 ya ba majalisa damar ƙara wani harshen jihar in ta amince da hakan.

Zai iya kawo dokar da za ta sauƙaƙa wa ƴan kasuwarmu wucewa a iyakar Konni?

Ba zai iya ba. Kwastan, shige da fice, ƴan sanda, soja, kuɗin ƙasa da ma'adinai duk na tarayya ne kaɗai. Iyakar abin da zai yi shi ne ya gabatar da ƙudurin roƙo, majalisa ta yi kira ga Abuja, kiran kuma ba ya ɗaure kowa. Ko a fannonin da jiha da tarayya suka yi tarayya a kai, in dokokin biyu sun saɓa, ta tarayya ce ke tsayawa.

Abin da ya rage wa jiha ba kaɗan ba ne. Majalisun jihohi ne suka zartar da dokokin shari'ar Musulunci, farawa da Zamfara a 1999. Majalisar Kano ce ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye a 2019, wata majalisar Kano kuma ta soke dokar a Mayun 2024. Makarantun firamare da sakandare, asibitocin jiha, kasuwanni, harajin jiha da tsarin ƙananan hukumomi duk suna bi ta hannunsu. Gyaran kundin tsarin mulkin ƙasa ma ba ya tabbata sai majalisu 24 cikin 36 sun amince.

Ana cewa ƴan amshin shatan gwamna ne. Haka ne?

A jihohi da yawa zargin yana da tushe, kuma dalilansa sanannu ne. Gwamna ne jagoran jam'iyya a jiha, shi ke da bakin magana kan wanda zai sami tikiti a karo na gaba. Majalisa ba ta fara zama sai ya fitar da sanarwar buɗe ta, kuma a Edo a 2019 an yi amfani da wannan dama har zaɓaɓɓu 14 cikin 24 ba su zauna a kujerunsu ba. Shekaru da yawa kuɗin gudanar da majalisa ma sai ya ga dama yake saki. An gyara sashe na 121 a 2018 don majalisa ta riƙa karɓar kuɗinta kai tsaye, aka sake ƙarfafa shi a 2023, amma aiwatarwa ta bambanta daga jiha zuwa jiha.

Duk da haka makaman suna nan ga mai son ɗauka. Ba a taɓa asusun jiha sai da dokar kasafi, ko da yake in an makara gwamna na iya kashewa har wata 6 bisa ma'aunin bara. Kwamishinoni da babban jojin jiha sai majalisa ta tabbatar da su. Sashe na 128 da 129 sun ba ta ikon bincike, da kiran kowa ya ba da shaida, da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha yana zuwa kwamitin asusun gwamnati, kuma a nan ne ɗan majalisa ɗaya mai karanta takarda zai iya tambayar dalilin da aka biya kuɗin rijiyar da ba a haƙa ba.

Yaya ake tsige gwamna?

Sashe na 188 ya jera matakai, kuma tsallake ɗaya yana rusa duka. Kashi ɗaya cikin uku na ƴan majalisa su sa hannu a takardar zargi mai cikakken bayani. Kakaki ya isar da ita ga gwamna da kowane ɗan majalisa cikin kwana 7. Cikin kwana 14 a kaɗa ƙuri'a kan ko a bincika, ana buƙatar kashi biyu cikin uku na dukan ƴan majalisa, ba na waɗanda suka halarta ba. Babban joji ya naɗa mutum 7 waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ba ƴan majalisa ba, ba ƴan jam'iyya ba. Su kawo rahoto cikin wata 3. In sun wanke shi, magana ta mutu. In sun same shi da laifi, a sake neman kashi biyu cikin uku cikin kwana 14.

Balarabe Musa na Kaduna shi aka fara tsigewa, a Yunin 1981, ƙarƙashin kundin 1979. A Disamban 2005 ƴan majalisar Oyo 18 cikin 32 suka fara shirin tsige gwamna Rashidi Ladoja daga wani otal a Ibadan, suka cire shi a Janairun 2006, kotun ƙoli ta mayar da shi a Disamban 2006. Tun daga nan aka san cewa sakin layin da ya hana kotu shiga batun tsigewa ba ya kare majalisar da ta karya matakan.

Shi ɗan majalisar, me zai iya raba shi da kujera kafin wa'adi?

Rashin halartar fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba tare da uzuri ba, karɓar muƙamin kwamishina ko minista, kiranye, da sauya sheƙa. Kiranye yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a 2018 a matakin tantancewa ya mutu.

Sauya sheƙa kuwa doka ta ce kujera ta tafi, sai in jam'iyyar ta dare ko ta haɗe da wata. Kotun ƙoli ta bayyana a 2015 cewa rikicin reshen jiha bai isa ba, sai darewar ta kai ga uwar jam'iyya. Matsalar ita ce kakaki ne ke ayyana kujera a matsayin wadda babu kowa, kuma in jam'iyyarsa aka koma ba ya gaggawa.

Yana da rigar kariya?

Babu. Sashe na 308 shugaban ƙasa, gwamna da mataimakansu kaɗai ya rufe. Ɗan majalisa ba a kai shi ƙara kan abin da ya faɗa a zaure ko a kwamiti, amma in ya maimaita shi a gidan rediyo ya fita daga inuwar.

Daga majalisar jiha sai ina?

Simon Lalong misali ne na wanda ya bi tsanin daki-daki: lauya, ya shiga majalisar Filato daga Shendam a 1999, ya zama kakaki daga 2000 zuwa 2006, ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023, daga baya sanata. Aminu Waziri Tambuwal, shi ma lauya, bai bi ta majalisar jiha ba. Majalisar wakilai ya shiga a 2003, ya shugabance ta daga 2011 zuwa 2015, sannan ya yi gwamnan Sakkwato. Akwai kuma kujerar da lauya kaɗai ke iya hawa, ta kwamishinan shari'a kuma babban lauyan jiha, wadda ke buƙatar shekara 10 da zama lauya. Wanda ya karɓe ta ya bar majalisa ke nan, kuma gwamnan da ya naɗa shi na iya sallamarsa da takarda ɗaya.

A Amurka ma tsanin sananne ne. Barack Obama ya yi majalisar dattawan jihar Ilinoi daga 1997 zuwa 2004, ya faɗi a neman tikitin majalisar wakilai a 2000, kuma a 2003 ya jagoranci dokar da ta wajabta ɗaukar bidiyon tambayoyin da ƴan sanda ke yi wa wanda ake zargi da kisa. Can majalisun jihohi da yawa ba na cikakken lokaci ba ne, don haka lauya na riƙe sana'arsa. Ƴan majalisa da yawa dai zango ɗaya ko biyu suke yi su koma gida, kuma lauyan da ya ci gaba da biyan kuɗin lasisinsa kowace shekara yana da ofishin da zai koma.

Mace lauya tana da dama?

Sharuɗɗan ɗaya ne, amma Najeriya ba ta da dokar kaso. Bayan zaɓen 2023 majalisun Sakkwato, Kano, Katsina da Zamfara babu mace ko ɗaya. A Nijar dokar kaso ta 2000 ta fara da kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, ta koma 15 a 2014, ta kai 25 a 2019, kuma tsarin jerin sunaye ya sa tilasta ta ya yi sauƙi, don ana iya ƙin karɓar jerin da bai cika ba. A mazaɓa mai kujera ɗaya babu jerin da za a mayar.

Ni ɗalibin shari'a ne a Jami'ar Djibo Hamani. Me zan karanta in ina son fahimtar wannan fanni sosai?

Fara da sashe na 90 zuwa 129 na kundin 1999, sannan 188 da 285, da jadawali na biyu da na biyar. Ka ɗora su kusa da dokar ƙananan hukumomi da jihohi ta Nijar, wato doka mai lamba 2010-54 ta 17 ga Satumban 2010, ka bi tambaya uku a kowane ɓangare: wa ke naɗa shugaban zartarwa, wa ke da ikon soke shawarar majalisa, kuma kuɗi ta hannun wa yake bi. Bayan haka ka nemi cikakken hukuncin Ladoja na 2006 da na Zamfara na 2019 ka karanta su da kanka, ba taƙaitawar jarida ba. Da Ingilishi suke, don haka sai ka ƙarfafa shi tun yanzu.